Kwana Ukun da Ban Zauna a Ƙofar Yaya Ishaya Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ishaya, mai gyaran keken ɗinki a Ƙofar Mazugal. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan sa a ambaci sunansa a coci, a yi waƙa ɗaya, in ba da baiko, wato sadakar coci, in koma gida. Bana na ga hakan bai isa ba. Akwai alkawarin da na ɗaukar masa a gadon asibiti na kuma karya shi tun kafin gawarsa ta huce, kuma ban taɓa faɗar wannan a gaban jama'a ba. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai abin da kasuwa da coci suka ƙara mini. Amma na saba bin abu daki-daki. Zan fara da ko shi wane ne, sannan abin da ya roƙe ni, sannan abin da na yi.

Mu Hausawa ne, Kiristoci, daga wani ƙauye a kudancin Kano. Mu biyu kaɗai muka rayu a cikin 'ya'yan iyayenmu, kuma ya girme ni da shekara tara. Shi ya fara shigowa birni. Ya koyi gyaran keke a Sabon Gari, da hannunsa ya faɗa sai ya lura cewa kekunan da suka fi bukatarsa suna cikin gari, a ɗakunan matan da ke ɗinka kayan yara da zannuwan gado ba tare da sun leƙa waje ba. Wani dattijo ya ba shi hayar ɗan shago a jikin gidansa, da ɗaki ɗaya a baya. Da dattijon ya rasu, ɗansa Alhaji Mudi, wanda sa'an Yaya ne, ya bar shi a wurin. Shekara arba'in ya yi a wannan ɗaki. Mutanen cocinmu sun sha ce masa ya dawo Sabon Gari cikin 'yan'uwa, ya ce kekunan Sabon Gari suna da masu gyara. Ya yi aure, matar ta rasu da wuri, Allah bai ba su haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Duk duniya ni kaɗai ne ɗan'uwansa na jini.

Yadda yake aikinsa shi ne haka. Namiji ba ya shiga gidan mutane, saboda haka sai a kwance kan keken a fito masa da shi zaure. Ya shimfiɗa tsummansa, ya jera kayan aikinsa, mai keken ta tsaya a bayan ƙofa tana faɗa masa ciwon: yana tsinke zare, yana tsallake, yana karya allura. Shi kuma ya juya shi a hankali yana saurare. Akwai mata a Gwammaja da Dukawuya da ya yi shekara talatin yana yi wa gyara bai taɓa ganin fuskarsu ba. Muryarsu ya sani, da kukan kekensu. In ya ji mai keken tana takaba, ko marayu take ci da su, sai ya gyara, ya sa sabon ƙarfe in ana bukata, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Malama, ai ba abin da ya lalace, mai ne ya ƙare masa." Ya naɗe tsummansa ya tafi.

Ba ya aiki ran Lahadi, duk unguwa ta san da haka. Ran Juma'a kuma yakan rufe shago kafin azahar don kada a ji ƙarar guduma mutane suna tafiya masallaci. Kusan kullum da hantsi, in Alhaji Mudi ya fito zai tafi kasuwa, sai ya tsaya a bakin shagon.

"Ishaya, har yanzu ba ka shirya ba? Ga buta, ga masallaci a ƙofar gida. Me kake jira?"

"Ina jiran ranar da za ka daina cin goro, Alhaji. Ranar sai mu zauna mu yi shawara."

"Ashe za a daɗe."

"Shi na gani."

A ɗakin bayan shagon nan na kwana shekara huɗu lokacin da Yaya ya ɗauko ni daga ƙauye. Tuwon gidan su Alhaji Mudi na ci. Shi Yaya ya kai ni wajen wani mai sayar da siminti ya tsaya mini, daga nan na tashi na buɗe nawa, na sayi motoci, na gina gida a bayan gari, na zama dattijo a coci, babu kwamitin da ba a sa sunana. Tun da na samu, zamansa a cikin gari ya fara damuna. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba.

"Yaya, ka bar yawon zaurukan nan. Ka zo ka zauna a sitona, ga kujera, ga fanka, ba abin da za ka yi sai kallo."

"Siminti yana gaisuwa?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"To ni in na yini a wuri ba wanda ya gaishe ni, ciwon baya nake yi."

Wata rana ya ga tarin mukullai a hannuna, ya karɓa ya jijjiga, ya ce, "Duk naka ne? Sannu da ɗawainiya." A lokacin na ɗauka ba'a ce ta wanda bai samu ba. A coci ni ina bencin gaba, shi yana na baya kusa da ƙofa, da rigarsa mai ɗigon man keke a hannu. In abokan kasuwancina suka tambaye ni sana'ar yayana, nakan ce yana harkar injina a cikin gari. Ban taɓa kai ko ɗaya daga cikinsu shagon ba.

Yanzu abin da ya roƙe ni. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, kwana shida ya yi a asibiti. A rana ta biyar da azahar ya yafito ni.

"Bitrus, matso. In Ubangiji ya kira ni, kada ka sa ni a firij kamar kifi."

"Yaya, bar wannan maganar."

"Ba zan bari ba. Ka kira fasto ku binne ni da wuri. Sannan ka je ƙofar shagona ka zauna kwana uku. Mutanena za su zo gaisuwa, kada su zo su tarar ba kowa. Ka ji?"

"Na ji."

"Ka ji, ko ka yarda?"

"Na yarda, Yaya."

Washegari da safe ya cika.

Rana ta farko. Kafin azahar na sa an kai shi mutuware. Na dawo gida na ɗauki takarda da biro na jera abin da za a yi: akwati, anko, kati, littafin tsarin jana'iza, rumfuna, abinci, masu jawabi. Na duba kalanda na ga duk wannan ba zai kammala ba sai bayan mako uku. Ina cikin rubutu wayata ta yi ƙara. Alhaji Mudi ne. A cikin gari, kamar yadda kowa ya sani, ba a jiran kati. Da an ji rasuwa maza su taru a ƙofar gida, mata su shiga ciki, maƙwabta su aiko da abinci, dangin mamaci su zauna su karɓi gaisuwa.

"Bitrus, ya haƙuri? Allah ya ba mu haƙuri. Mun shimfiɗa tabarmi, mutane sun fara taruwa. Salla ba za mu yi masa ba, ka sani, addininsa daban. Amma maƙwabcinmu ne shekara arba'in, zaman nan dole ne a kanmu. Kai muke jira."

Na ce, "Alhaji, mu ba haka muke yi ba. Mu muna da tsari. In an tsai da rana za a sanar da ku."

 Ya ce, "To. Tabarmin dai suna nan."

Rana ta biyu. Na ɗauki mutum biyu a motata za mu je wajen mai yin akwati, ɗaya dattijo ne a cocinmu, ɗaya kuma ɗan kwangila ne da ke sayen siminti a hannuna. An tare hanyar da na yi niyyar bi, dole muka biyo ta Ƙofar Mazugal. Tun daga nesa na hango. Tabarmi sun cika gaban shagon sun zarce har ƙofar gidan da ke biye. Teloli, dukawa, 'yan kasuwa, dattawa masu sanda, wasu na tashi wasu na zama. Kwanukan abinci a jere a jikin bango. Alhaji Mudi yana zaune a inda ɗan'uwan mamaci ya kamata ya zauna, ya bar wuri a gefensa ba wanda ya hau. Cunkoso ya sa muna tafiya kamar a ƙafa. Ɗan kwangilar ya leƙa ya ce, "Kai! Wane babban malami ne ya rasu a nan?"

Na ce, "Ban sani ba." Na ɗaga gilashi.

Masu zuwa coci sun san almajirin nan Bitrus da aka sa mini sunansa, sun kuma san bakinsa ya taɓa cewa bai san Ubangijinsa ba. Shi tsoron rai ne ya sa shi, kuma nan take ya fita ya yi kuka. Ni ba wanda ya zare mini ido. Na wuce na je na zaɓi akwati mai hannayen ƙarfe masu ruwan zinare, har na tsaya ina yi wa mai shi faɗa a kan fenti.

Rana ta uku. Matata Saratu ta ce mini da safe za ta je. Na ce ba inda za ta, ba a cikin tsari yake ba. Tun da muka yi aure ba ta taɓa tsallake maganata ba. Ranar ta yafa mayafi ta fita ta tari adaidaita. Bayan la'asar ta dawo, ta same ni a falo ina duba rubutun da za a buga.

"Ɗakin Hajiyar Alhaji Mudi bai ɗauke mu ba," in ji ta, "har tsakar gida aka zauna. Wata tsohuwa daga Dukawuya ta ce da kekenta ta aurar da 'ya'ya huɗu bayan mijinta ya rasu, kuma tun da take keken bai taɓa lalacewa ba, kullum mai ne yake ƙare masa. Ashe duk sun sani, Baban Rahila. Sun san ƙarya yake musu."

Na ci gaba da duba rubutun.

"Sai ta kama hannuna ta ce, 'yar nan, shi bawan Allahn nan ba shi da ɗan'uwa namiji ne?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce yana da shi. Yana wajen masu buga kati."

Da magariba aka naɗe tabarmin.

Dalilan da na riƙa ba mutane a lokacin suna da yawa. Na ce dangi na ƙauye suna bukatar lokaci. Na ce al'adar cocinmu ce a ajiye gawa a shirya. Na ce ina so in girmama yayana yadda ya cancanta. Duk akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa suka karɓu. Dalili na gaskiya ɗaya ne. Ba na so mutanen da suka san ni a falo su zo su same ni zaune a tabarma a gaban shagon ƙasa mai ƙofar langa-langa, su leƙa su ga ɗakin da yayan Dattijo Bitrus ya rayu a ciki. Talaucinsa nake jin kunya. Na ga hanyar da zan rufe shi ita ce in binne shi kamar mai kuɗi.

Haka kuwa na yi. A bangon littafin jana'izar na sa hoton da aka ɗauke shi ranar auren 'yata Rahila, sanye da babbar rigata da na tilasta masa ya ara. A ƙarƙashi na sa aka rubuta Injiniya. Mutum biyar suka yi jawabi, ni na zaɓe su, huɗu a cikinsu ba su taɓa yin hirar minti goma da shi ba. An ci an sha, anko ya yi kyau, komai ya fara a kan lokaci ya ƙare a kan lokaci. Mutane suka yi ta riƙe hannuna suna cewa ba su taɓa ganin jana'iza mai tsari irin wannan ba.

Na aika wa Alhaji Mudi kati, kuma ya zo, shi da dattawa uku. Suka tsaya a bakin ƙofar maƙabarta cikin rana. Masu hidimar da na horar da kaina suna riƙe da takardar waɗanda za a zaunar a rumfa, sunayensu kuma ba su a ciki. Da aka gama ina fitowa ya tare ni ya miƙo hannu.

"Allah ya ba da haƙuri, Bitrus. Mutane da yawa sun bar maka gaisuwa a wurina."

Na ce, "Na gode, Alhaji," na juya na ce wa wani mai hidima a ba su lemo da abinci a leda. Suka karɓa don kada su kunyata ni. Ban tambaye shi ko su wane ne suka bar gaisuwar ba.

Ko kwashe kayan ɗakin ban je ba. Saratu na tura da direba. Duk abin da Yaya ya mallaka ya shiga bayan mota ɗaya har da sauran wuri: katifa, tabarma, riga uku, fitila, akwatin kayan aiki, da littafinsa na ibada wanda ya yi wa bango da yadi ya bi shi da ɗinkin keke. Daga ranar kuma na daina bin Ƙofar Mazugal. In tafiya ta kama ta can sai in zagaya, in ce wa direba hanyar ba ta da kyau.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga yadda muke yau. Jana'iza a wurinmu ta ƙara tsawo ta ƙara nauyi. Yanzu har fuskar mamaci ake bugawa a riga da kofi, a ɗauko masu bidiyo, gawa ta yi wata biyu tana jiran a gama fentin gida. Na san iyalan da suka sayar da gona don kada a ce sun gaza. Ba zan nuna kowa da yatsa ba, domin akwai waɗanda suka faɗa mini da bakinsu cewa jana'izar yayana suka gani suka kwaikwaya. Gaisuwa kuma ta koma saƙon waya, mutum ya tura layi biyu yana tuƙi, ya ga ya sauke nauyi. A wasu wuraren ibada ana koya wa mutane cewa alamar yardar Allah ita ce mota da bene. Na zauna a bencin gaba an yi irin wannan wa'azi na ce amin da ƙarfi. Ina jin da Yaya yana nan ba zai yi gardama da kowa ba, ba halinsa ba ne. Zai saurara har a gama, ya ce sannunku da ƙoƙari, ya ɗauki akwatin aikinsa ya tafi zauren da ake jiransa. Da zai sami zaurukan ma sun ragu, don yanzu keken wuta ya yi yawa, kuma in ya lalace sau da yawa ba a gyarawa, sabo ake saye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba jahilci ne ya kai ni ba. Tun muna yara aka koya mana cewa abin da mutum ya tara a duniya yana ruɓewa, ana sace shi, kuma a nan za a bar shi, cewa dukiyar da ke bin mutum gaban Ubangiji ita ce jinƙai da aminci da ƙaunar maƙwabci. Na haddace wannan. Na koyar da shi a makarantar Lahadi shekara da shekaru, ina tsawata wa wanda ya kasa maimaitawa. Sai dai na ɗauka maganar lahira ce kawai, abin da ba a gani sai an mutu. Ranar nan ta biyu Allah ya nuna mini ita a fili, a bakin titi, da rana tsaka. Mutanen da ba addininsu ɗaya da shi ba, waɗanda ba su da abin da za su gada, sun rufe shagunansu sun zo sun zauna a ƙasa saboda mai gyaran keke. Na gani da idona. Na san abin da nake gani. Na zaɓi akwati.

Ba zan ce Allah ya karɓe abin hannuna don ya hore ni ba. Bai karɓe ba. Gidan yana nan, sitocin suna nan. Da ma ya karɓe, da na sami abin da zan ce na biya da shi.

Watan jiya babban ɗana ya kira ni daga Abuja. Muna cikin hira sai ya ce cikin wasa, "Baba, kada ka damu, in lokacinka ya yi sai mun yi maka wadda ta ninka ta Baba Ishaya." Ya faɗa ne don ya faranta mini, ni na koya masa cewa haka ake girmama mutum. Da muka gama na ɗauki takarda, kamar yadda na saba, na ce bari in rubuta sunayen waɗanda za su zo ƙofar gidana su zauna ba tare da kati ba, ba don ciniki ba, ba don kwamiti ba. Na daɗe da biro a hannu. Abin da na rubuta bai kai a nuna wa kowa ba.

Kashegari bayan la'asar na bar motar a gida na hau adaidaita zuwa Ƙofar Mazugal. Shagon yanzu na masu sayar da kayan waya ne, an yi masa siminti da ƙofar gilashi. Alhaji Mudi yana zaune a tabarma a bakin zaurensa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Na yi sallama.

"Wa ke nan?"

"Bitrus ne, Alhaji. Ƙanin Ishaya."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban inda muryata ta fito. "Mai tsari? An tsai da ranar ke nan?"

Na durƙusa na ce, "Alhaji, gafara na zo nema."

"Zauna tukuna. Ina jin gwiwarka tana ƙara tun daga nan, kada ka faɗi a ce a ƙofar gidana ne." Na cire takalmi na zauna. Na faɗa masa komai, har maganar mota da gilashi. Ya ce ai ya gan ni, duk wanda ke tabarmar ya gan ni, motar ba ɓoyayyiya ba ce. Wani ma ya miƙe zai tare ni, shi ya riƙe masa riga.

"Nawa na yafe tun ranar uku," in ji shi, "don ba na son ajiye kaya a ciki. Amma waɗanda suka zauna, yawancinsu suna maƙabarta. Nasu ba a hannuna yake ba. Na Ishaya kuwa, kai da Ubangijinka."

Sannan ya ɗaga murya ya kira wani tela da ke tsallaken lungu. "Malam Habu! Zo ka ga ƙanin Ishaya. Ya iso."

Malam Habu ya tsai da kekensa, ya fito yana kakkaɓe zare daga riga, ya tsuguna a gabana ya ba ni hannu biyu. Bai tambaye ni inda nake duk shekarun nan ba. Cewa ya yi, "Ya haƙuri?" kamar jiya aka yi rasuwar. Na ce sai godiya. Kafin magariba mutum huɗu suka zo. Daga bayan ƙofar zaure kuma muryar wata tsohuwa ta ce, "A ce da Bitrus ya haƙuri. Allah ya saka wa Malam Ishaya." Alhaji ya ce Hajiya ce, uwargidansa.

Kwana uku Yaya ya ce, saboda haka na koma washegari. Labari ya zaga, mutum biyu suka ƙaru, ɗaya ya zo ne a madadin mahaifiyarsa da ba ta iya tafiya. Na koma rana ta uku. Ranar ba wanda ya zo. Muka zauna ni da Alhaji, ya ba ni labarin waɗanda suka cika tabarmin nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ɗaya bayan ɗaya, wane ya rasu, wane ya tashi ya koma wata unguwa, wance ta rasu bara. Na ce ya bi a hankali in rubuta. Ya ce, "Ajiye biron nan, Bitrus. Saurara kawai." Na ajiye. Da aka kira magariba ya dafa bango ya miƙe ya tafi masallaci, ni kuma na zauna ni kaɗai a tabarmar na yi tawa addu'ar.

Ba na so mai karatu ya ɗauka na cika alkawari. Ban cika ba. An ce in binne shi da wuri, na ajiye shi mako uku a sanyi. An ce kada mutanensa su tarar ba kowa, sun tarar ba kowa, kuma mafi yawansu sun tafi kabari da sanin cewa Kirista ɗaya da suka sani mutumin kirki ne amma ƙaninsa ya wuce su a mota. Wannan ba ya gyaruwa. Abin da na samu na yi shi ne na zauna a makare, na karɓi ɗan abin da ya rage. Ga 'ya'ya da jikokin waɗanda suka zauna a wancan lokaci, a Ƙofar Mazugal da Gwammaja da Dukawuya, in wannan rubutu ya iso gare ku: gaisuwar iyayenku ta iso, na gode, ku yafe mini. Na kuma kira 'ya'yana na faɗa musu kada a buga fuskata a rigar kowa.

In aka auna abin da ya rage na Yaya Ishaya, ba shi da gida, ba shi da ɗa, shagonsa ma ya zama na wasu. Ankon da na yi masa ya koɗe, littafin da na buga ban san inda kwafi ɗaya yake ba in ban da wanda na ɓoye don kunya. Duk abin da na ƙara masa da hannuna ya ƙare. Abin da ya tara da nasa hannun, zaure bayan zaure, shi ne bai ƙare ba. Shi ne ya sa tela ya tsai da aikinsa ya tsuguna a gaban mutumin da ya raina shi, ya sa dattijon da na bari a rana ya matsa ya ba ni wuri a tabarmarsa. Ba don ni suka yi ba, ni ba ni da komai a wurinsu. Na yi shekaru ina ganin ni ne mai rufa wa Yaya asiri. Ga shi ya yi shekara goma sha ɗaya a kabari, ni da motocina da sitocina, har yau arzikinsa nake ci.